Garin da Ba Shi da Ganuwa

Auta ne ya fara ƙoƙarin hana ni tafiyar. "Yaya, wallahi babu abin gani a Sparta," in ji shi, muna zaune a ɗakinsa a Atina yana haɗa mana shayi. "Duk wanda na sani da ya je, da cizon yatsa ya dawo. Mu je Delfi, ko mu hau jirgin ruwa mu ga tsibiri." Shekararsa ta uku ke nan yana karatu a ƙasar Girka, harshensu ya zauna a bakinsa, kuma na san ba ƙarya yake yi ba. To amma ni shekara goma sha ɗaya ina koyar da tarihi a sakandare, babu shekarar da ban tsaya gaban allo na kira sunan garin nan ba, yara suna zare ido ina ba su labarin mutum ɗari uku da suka tare rundunar Farisa. Na ce masa ko fili ne fetal, sai na taka shi da ƙafata. Gani ya kori ji.

Da hantsi muka hau motar safa daga tashar Kifisos, a farkon watan Disamba. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 200, awa uku da 'yan kai. Mashigin ruwan Korinti, wanda aka buɗe a 1893 ya yanke yankin Felofonis daga sauran ƙasar, kafin in ɗaga waya har mun tsallake shi. Daga nan sai duwatsu, mota tana shiga ramukan da aka huda a cikinsu tana fita, har Tirifoli. Kudu da Tirifoli kaɗan Auta ya taɓa ni ya nuna wani allon hanya, an rubuta Tegeya. Na gyara zama. A wannan fili ne, cikin ƙarni na 6 kafin Miladiyya, mutanen Sparta suka zo yaƙi ɗauke da mari a cikin kayansu, don sun riga sun gama lissafin za su mai da mutanen Tegeya bayi, su raba gonakinsu da igiyar awo. Aka ci su da yaƙi, aka ɗaura musu marin da suka zo da shi, suka yi wa Tegeya noma yana ƙafarsu. Hirodotus mai tarihi ya ce har zamaninsa marin yana rataye a ɗakin bautar garin. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Bayan wannan kashi ne suka sauya salo da maƙwabtansu na arewa, suka koma ƙulla amana gari-gari: kowa ya riƙe mulkinsa, amma ranar da Sparta ta fita yaƙi ya bi bayanta. Da haka ta zama babbar yaya a yankin, in ban da Argos da ta ƙi sunkuyawa.

Can sai hanya ta fara gangara, kwarin ya buɗe gabanmu. Na daɗe ban ga abin da ya cika min ido kamar dutsen Taigetos ba. Ya tokare yamma gaba ɗaya kamar bango, tsayinsa ya haura mita 2,400, kansa fari fat da ƙanƙara, ƙarƙashinsa kuwa shimfiɗar zaitun da lemo kore shar. Ta gabas dutsen Farnon, kogin Yurotas yana ratsa tsakiya. Tun a cikin mota na fara gane dalilin da ya sa mutanen nan suka shekara ɗaruruwa ba su gina ganuwa ba. Wanda ya tashi yana wasa a gindin badala, da wuya ya yarda akwai babban birnin da ya zauna tsirara. Su kuwa da aka tambaye su ina ganuwarsu, sai suka nuna mazajensu da masu a hannu. Allah ya riga ya yi musu rabin aikin da duwatsu, ba su faɗa ba.

Garin da ake kira Sparti yau sabo ne. Sarki Otto, ɗan Jamus ɗin da aka naɗa wa Girka bayan ta ƙwace kanta daga Turkawa, shi ya ba da umarnin kafa shi a 1834 a kan kufan tsohon. Tituna masu faɗi, itatuwa irin na dabino a tsakiyar babban titi, tsofaffi suna shan gahawa a bakin hanya. A ƙarshen titin, gaban filin wasa, gunkin Sarki Liyonidas yake tsaye, na tagulla, da garkuwa da takobi, an kafa shi a 1968. A gindinsa kalmomi biyu ne kawai, waɗanda aka ce ya mayar wa Sarkin Farisa da ya aiko a miƙa makamai: zo ka karɓa. Auta ya ce duk watan Satumba ana tseren ƙafa daga Atina zuwa nan, kilomita 246, kuma ba a lissafa mutum ya gama sai ya taɓa ƙafar gunkin. Ana yi ne don tuna ɗan aiken da Atina ta turo neman gudummawa a 490 kafin Miladiyya, lokacin da Farisa ta sauka a Maraton. Sparta ta ce za ta zo, amma sai wata ya cika, don ibadarsu ta hana. Kafin su iso an gama yaƙin.

Muka zagaya bayan filin wasan muka hau tudun tsohon birnin. A nan maganar Auta ta tabbata. Kurmin zaitun ne, da duwatsu a warwatse cikin ciyawa, da ragowar wani babban dandalin wasan kwaikwayo wanda shi ma na zamanin Rumawa ne. Ba kowa sai mu biyu da wata tsohuwa da karenta. Na zauna a kan wani dutse na tuna abin da Tusididis, mutumin Atina da ya rubuta tarihin yaƙin garinsu da Sparta, ya faɗa shekara 2,400 da suka wuce: in aka wayi gari Sparta ta zama kufai, na baya ba za su yarda ƙarfinta ya kai sunanta ba, Atina kuwa in ta zama kufai za a zaci ƙarfinta ya ninka yadda yake. Kwana biyu kafin nan ina kan tudun Atina ina ɗaga kai ina kallon ginshiƙan marmara. Sai ka ce mutumin ya leƙo zamaninmu ya koma ya rubuta.

A kan dutsen nan na yi wa Auta darasin da na saba yi wa ɗalibai, sai dai wannan karon da yatsa nake nuna wuraren. Shekarun da zan ambata duk na kafin Miladiyya ne, lissafinsu baya-baya yake tafiya. Wajen ƙarni na 10 wasu Girkawa da ake kira Doriyawa suka zauna a gefen kogin nan cikin ƙauyuka huɗu, Fitana da Limnai da Mesowa da Kinosura, daga baya suka haɗa da Amiklai ta zama ta biyar. Sarakuna biyu suke da su lokaci guda, daga gidaje biyu, ɗaya yana taka wa ɗaya birki. Akwai majalisar dattawa 28 waɗanda suka haura shekara sittin, da sarakunan su cika talatin. Akwai kuma masu sa ido biyar da ake zaɓa duk shekara, waɗanda har sarki suna iya gurfanarwa. Taron jama'a kuwa da ihu ake ƙuri'a, ɓangaren da ya fi ƙara shi ya ci. Duk wannan tsari suna jingina shi ga mutum ɗaya, Likurgus, wanda suka ce ya karɓo shi daga wurin bokanyar Delfi.

Amma abin da ya mai da Sparta Sparta yana bayan dutsen can. Da mutane suka yi yawa ƙasa ta yi kaɗan a ƙarni na 8, sauran garuruwan Girka jiragen ruwa suka cika da matasa suka tura su kafa sababbin garuruwa a Italiya da Sisili. Sparta ita ma ta yi haka sau ɗaya, ta kafa Taras a kudancin Italiya, amma babban maganinta shi ne tsallaka Taigetos ta cinye Mesiniya, ƙasa mai albarka fiye da tata. Mutanen wurin ba ta sayar da su ba, ba ta kore su ba. Ta bar su a gonakinsu, ta raba gonakin ga 'ya'yanta, su kuma suka zama abin da ake kira helot, bayin ƙasa, su da 'ya'yansu da jikokinsu, tamkar a ce an mai da ƙasa guda rinji. Mawaƙin yaƙinsu Tirtayos da bakinsa ya kwatanta su da jakuna da kaya ya yi wa nauyi, suna kai wa iyayengiji rabin duk abin da gona ta bayar. A ƙarni na 7 suka yi bore, aka sha wuya kafin a danne su. Daga nan Sparta ta fahimci abin da ta jawo wa kanta: 'yan tsiraru ne zaune a kan mutanen da suka ninka su sau da yawa, Girkawa 'yan uwansu, masu harshe ɗaya da su, waɗanda ba su manta ƙasar tasu ce ba. Mai danne da wani a ƙasa shi ma ba ya iya tashi. Sai garin duka ya koma bariki.

Washegari da sassafe muka gangara gefen kogi neman wurin bautar Atemis Ortiya, ɗaya daga cikin allolin mutanen Sparta na dā. Yana can ƙarshen gari, a wani kwari mai damshi, kewaye da waya. Wannan wuri ne ya fi tsaya min a rai cikin tafiyar duka.

Yaron Sparta yana cika shekara bakwai ake raba shi da uwarsa. Ana zuba su rukuni-rukuni, kuma sunan rukunin a harshensu garke ne, jami'in da ke kula da su kuwa makiyayin yara, yana yawo da samari masu bulala. In yaro ya kai sha biyu, mayafi ɗaya ake ba shi na shekara guda, rani da hunturu, babu takalmi. Shimfiɗarsa iwa ce da zai karyo da hannunsa a bakin Yurotas, ba a yarda ya sa wuƙa ba. Abinci ana ba su ƙasa da ƙoshi da gangan don su koyi sata, wanda aka kama kuwa a zane shi, laifinsa shi ne ya bari an kama shi. Suna ba da labarin yaron da ya saci ɗan yanyawa ya ɓoye cikin mayafi, dabbar tana yagar cikinsa, ya yi shiru har ya faɗi matacce. Da alfahari suke ba da shi. A gaban bagaden nan da nake tsaye kuwa, ana jera cuku, yara su ruga su wawura, wasu suna tsaye suna tsula musu bulala. Zuwa zamanin Rumawa abin ya koma gasar jure duka zalla, har aka gina wurin zaman 'yan kallo kewaye da bagaden a ƙarni na 3 na Miladiyya, mutane suna zuwa daga nesa. Harsashin wurin zaman yana nan. Marubuci Fulutak, wanda ya rayu a zamanin Rumawa, ya ce da idonsa ya ga yara suna mutuwa a ƙarƙashin bulala a wurin.

Auta ya ce, "Yaya, ai sharo ne." Na ce akwai kama, amma a duba. Mai shiga sharo saurayi ne da ya kawo ƙarfi, da ƙafarsa ya shigo fage, sa'ansa ne zai doke shi kuma zai rama, in an tashi ya koma rugarsu uwarsa ta gasa masa jiki. Na gangara bakin ruwan na kama iwa ɗaya na gwada karya ta. Sanyin ruwan ya ratsa ni har ƙashi, gefen ganyen ya yanke ni a yatsa. Babban ɗana shekararsa bakwai cif a bana. Har yanzu in aka ɗauke wuta da dare sai ya lallaɓo ya kwanta a bayan mahaifiyarsa. Shekara goma sha ɗaya ina faɗa wa ɗalibai "a shekara bakwai" kamar lamba ce kawai a allo, ina ƙarawa da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A bakin kogin nan na ji kunyar sauƙin da maganar take yi min a baki.

Muna hawowa muka ratsa ta gefen wata gonar lemo, sai na ji an yi sallama. Wasu samari ne 'yan Pakistan masu aikin tsinkar lemo, sun ga hulata. Suka cika mana hannu da lemo, suka nuna mana inda suke alwala, muka yi azahar tare a kan buhunan da suka shimfiɗa tsakanin itatuwa. Ba mu da harshe ɗaya sai na sallah. Bayan mun rabu na yi ta waiwayen kwarin ina tunanin waɗanda suka noma shi shekara ɗaruruwa don wasu su samu sukunin koyon yaƙi.

Gidan tarihin garin ƙarami ne, ginin ƙarni na 19 a cikin lambu, awa ɗaya ta isa a gama shi. Akwai rabin gunkin wani mayaƙi na marmara da aka tono a 1925, da kwalkwali mai zanen kan rago a kumatu, yana ɗan murmushi, ana ce masa Liyonidas ko da yake babu rubutun da ya ce shi ne. Akwai 'yan mutum-mutumin darma ƙanana kamar yatsa, irin waɗanda masu tono na Ingila suka samu fiye da 100,000 a wurin Ortiya tsakanin 1906 da 1910. Akwai lauje na ƙarfe da ake ba yaron da ya ci gasa, ya kafe shi a jikin dutse ya sadaukar. Kayan farko-farko suna nuna garin ya taɓa sanin ado da waƙa da rawa, har tukwanensa ana kai wa ƙasashen waje, kafin bariki ya haɗiye komai. Abin da ya tsayar da ni shi ne wasu ƙananan duwatsun kabari marasa ado. A Sparta ba kowa ake rubuta wa suna a kabari ba. Namijin da ya faɗi a fagen fama shi ake yi wa, kuma rubutun bai wuce sunansa da kalma biyu ba: a yaƙi. Ba kirari, ba sunan uba, ba lissafin garuruwan da ya ci. Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni ƙwarai. Mutanen da suka raina taƙama haka akwai abin koyo a wurinsu.

Da dare muka shiga wani ƙaramin gidan abinci, muka ci miyar wake da burodi da zaitun, don naman garin yawanci na alade ne. Mai wurin dattijo ne mai furfurar gashin baki, ya ja kujera ya zauna da mu da ya ji daga inda muka fito, Auta yana tafinta. Na tambaye shi baƙar miyar nan ta kakanninsu, wadda ake yi da naman alade da jini da ruwan tsami da gishiri. Ya yi dariya ya ce wani baƙo ya taɓa ɗanɗana ta a zamanin da, ya ce yanzu ya gane abin da ya sa mutanen Sparta ba sa tsoron mutuwa. Ya ce, "Abokina, mu mutanen Lakoniya ba mu da dogon zance. Sarki Filibus na Makidoniya ya aiko cewa idan ya shigo ƙasarmu zai mai da ita toka. Ka san amsar da aka ba shi? Idan."

Miyar nan a zauren cin abinci na mayaƙa ake shan ta. Saurayi in ya kai ashirin sai ya nemi shiga wani zaure na mutum kamar goma sha biyar. Kowane ɗan zaure zai jefa ɗan curin burodi cikin kwano, in aka samu ko ɗaya da aka matse, an ƙi shi. Wanda aka karɓa a nan zai ci abincin dare har tsufansa, kuma duk wata zai kawo rabonsa na sha'ir da giya da cuku da ɓaure daga gonar da helot ke noma masa. Ko ya yi aure, a bariki zai kwana sai ya kai talatin, yana satar jiki ya je wurin matarsa. Ba ya ajiye mashi sai ya kai sittin. An hana shi noma da sana'a da fatauci, kuɗinsu ma na ƙarfe ne mai nauyi don kada a tara. Suna kiran kansu da sunan da ke nufin masu kama da juna. Matansu, saɓanin na Atina da ke kulle, suna tsere da kokawa, suna mallakar gona, suna magana a gaban maza. Ɗaya daga cikinsu, Kiniska 'yar sarki, dawakinta suka ci tseren keken doki a wasannin Olimfiya a 396, mace ta farko da aka rubuta wa nasara a wurin.

Sirrin yaƙinsu kuwa sahu ne. Sauran Girkawa manoma ne da maƙera da magina tukwane da ke ɗaukar mashi in ta kama. Su waɗannan ba su da wani aiki. Suna jeruwa kafaɗa da kafaɗa, yawanci layi takwas, kowa da garkuwa mai faɗi a hannun hagu wadda ke kare rabin jikinsa da rabin na kusa da shi, jajayen riguna, dogon gashi a taje. Ba sa rugawa da ihu. A hankali suke takawa, masu sarewa suna busa musu don kada sahu ya karye. Duk wanda ya taɓa jin liman yana cewa a daidaita sahu a toshe ɓaraka zai gane abin da ake nufi. Shi ya sa wanda ya yar da kwalkwali ba a hukunta shi, amma wanda ya yar da garkuwa ya shiga uku, don kwalkwali naka ne, garkuwa ta sahu ce. Uwa tana miƙa wa ɗanta ita ta ce ya dawo da ita ko a dawo da shi a kanta. Wanda ya gudu ana kiransa mai rawar jiki, a aske masa rabin gemu, ba mai ba shi 'ya, ba mai zama kusa da shi.

Da wannan horo Liyonidas ya tsaya a mashigin Tamofili a 480, can arewa da Atina, kwana uku yana tare rundunar Sarki Zaksis, har wani ɗan ƙasa ya nuna wa Farisawa hanyar bayan dutse. Ɗari ukun sun mutu, gaskiya ne. Amma tare da su akwai mutum 700 na garin Tesfiya da suka ƙi tafiya, akwai na Tebes, akwai helot da suka ɗauko musu kaya suka mutu a gefensu. Shekara guda bayan haka a Filatiya, inda aka karya Farisa, Hirodotus ya lissafa 'yan Sparta 5,000, kowane ɗaya da helot bakwai a bayansa, 35,000 ke nan. Ban taɓa rubuta wannan lamba ta biyu a allo ba. Na tambayi dattijon ko ana tuna su. Ya ɗan yi shiru, ya nuna yamma da haɓa. "Ku tsallaka dutsen gobe," in ji shi. "Mahaifiyata 'yar can ce."

Muka ɗauki shatar tasi da safe. Mistiras, birnin Rumawan gabas da ke manne a jikin dutse kilomita kaɗan daga gari, daga nesa muka gaishe shi, ya cancanci yini nasa. Hanyar Langada zuwa Kalamata kilomita 60 ce ko kusa, amma murɗe take kamar hanji, wani wurin dutse ya rufo kan mota, ƙasa kuwa rami ne da ba a ganin ƙarshensa. Kusa da ƙauyen Tirifi direban ya tsaya ya nuna mana matakala zuwa bakin wani kogo mai suna Kayadas, iska mai sanyi tana fitowa daga ciki. An daɗe ana cewa a irin nan ake jefa jariran da dattawa suka ga ba su da lafiya. Masu bincike na jami'ar Atina da suka shiga sun samu ƙasusuwan mutane da yawa, amma na manya ne, ba su samu na jarirai ba. Fursunoni da waɗanda aka yanke wa hukunci ake wurgawa.

A cikin motar na ƙarasa wa Auta ɓangaren da ba a sa wa a fim. Duk shekara, masu sa idon nan biyar suna kama aiki sai su yi shelar yaƙi a kan helot, don wanda ya kashe ɗaya kada a ce ya ɗauki alhakin jini. Ana zaɓar samari masu wayo a tura su ƙauyuka da wuƙa da ɗan guzuri, su ɓuya da rana, da dare su kashe helot ɗin da suka samu a hanya, musamman ƙarfafa. Tusididis ya kawo wani abu da ya faru lokacin yaƙinsu da Atina: aka yi shela cewa duk helot ɗin da ya san ya yi bajinta a yaƙi ya fito a 'yanta shi. Aka zaɓi kamar 2,000, aka sa musu rawanin ganye, suka zagaya wuraren bauta suna murna. Ba a sake ganinsu ba, kuma ba wanda ya san yadda aka yi da su. Dabarar ita ce wanda ya isa ya fito neman 'yanci shi ne zai isa ya yi bore. Da girgizar ƙasa ta rushe Sparta wajen 464, kafin ƙura ta lafa helot sun tashi, suka kafa sansani a dutsen Itome shekara da shekaru. Atina ta aiko da dakaru 4,000 gudummawa, Sparta ta sallame su don tsoron kada su koma bayan bayin. Duk jarumtar nan da nake koyarwa, da tsoro aka yi renonta.

Sun ci Atina a 404 bayan yaƙin shekara 27, da jiragen ruwan da kuɗin Farisa ya gina musu. Amma tsarin yana cin kansa ta ciki. Wanda ya kasa kawo rabonsa na zaure ya fita daga sahun 'yan ƙasa, gonaki suna taruwa a hannun gidaje kaɗan, ƙofar shiga kuwa a rufe. Lokacin Tamofili ana lissafa su 8,000. A Liyuktira a 371, mutum 700 kawai suka iya kaiwa fage cikin rundunarsu. Ifaminondas, jagoran yaƙin garin Tebes, ya tara sahunsa na hagu layi hamsin ya auka wa inda sarkinsu yake, aka kashe Sarki Kiliyombrotus da 400 daga cikin 700 ɗin. Aristotal ya ce a zamaninsa ba su kai dubu ba, kuma bugu ɗaya garin ya kasa ɗauka saboda ƙarancin mutane. Ifaminondas bai tsaya ƙona Sparta ba. Ya ratsa kwarin Yurotas, matan garin suka ga hayaƙin abokan gaba karo na farko, sannan ya wuce Mesiniya ya 'yanta ta. A 369 ya kafa wa mutanenta birni mai suna Mesini a gindin Itome, aka aika kiran waɗanda suka yi gudun hijira, suka dawo daga Italiya da Sisili har da Libiya.

Da la'asar muka isa Mesini. Na yi zaton wani kufan ne irin na jiya, sai na tarar da birni shimfiɗe a gangaren dutse: filin tsere da kujerunsa na dutse, kasuwa, dandali, ginshiƙai a tsaye, maɓuɓɓugar ruwa tana gudu har yau. Sama da duka kuwa ganuwa. Tsawonta ya kai kilomita 9, an gina ta da manyan sassaƙaƙƙun duwatsu ba tare da laka ba, tana hawa dutse tana sauka da hasumiyoyinta. Mutanen da aka shekara fiye da ɗari uku ana noma da su, abin da suka fara yi da suka samu kansu shi ne wannan, kuma Sparta ba ta sake mallakarsu ba. Na bi gindinta ina shafa duwatsun har Ƙofar Arkadiya, wani zagayayyen fili mai ƙofa biyu, inda wani ƙaton dutsen saman ƙofa ya karye ya jingina, tsawonsa ya fi mota. Na ce wa Auta ya ɗauke ni hoto a nan, wannan zan fara nuna wa 'yan aji in an koma hutu, kafin na Liyonidas.

Hanyar mota ta yau ta cikin ƙofar take bi. Muna tsaye wata a-kori-kura ɗauke da buhunan zaitun ta ratso, direban ya rage gudu ya ɗaga mana hannu. Auta ya duba agogo ya ce, "Yaya, in muna son samun motar Atina a Kalamata, sai mu tashi."